Hular haƙori ta zirkoniya da muhimmancin goge ta bayan an fere

Masu zuwa asibitin haƙori yanzu sukan nemi a sa musu farar hular haƙori ta zirkoniya maimakon ta ƙarfe, saboda tana kama da haƙorin halitta, kuma tana da ƙwari. Ya kamata duk wanda zai yi shekaru da ita a bakinsa ya san daga inda ƙwarin ya fito, domin daga nan ne rauninta ma yake tasowa.

Zirkoniya nau'in tangaran ce wadda ƙwayoyinta ke sauya tsari gwargwadon zafi. Tsarin da ake so ba ya zaunawa da kansa sai zafi ya haura digiri 1170 a ma'aunin Celsius, shi ya sa masu sarrafa ta suke zuba mata sinadarin itiriya kaɗan, ya riƙe tsarin ko bayan ta huce. Idan tsaga ta fara, sai ƙwayoyin da ke bakin tsagar su koma tsarinsu na sanyi, su kumbura da kimanin kashi 4 cikin ɗari, su matse ta, kamar yadda ƙotar fartanya take kumbura ta kama ƙarfen idan an jiƙa ta.

To amma danshi ma yakan haddasa wannan sauyi sannu a hankali, ko babu tsaga. Daga sama yake farawa, fuskar da take da santsi ta yi kaushi, ƙananan tsagogi su biyo baya. A shekarar 2001 an janye wasu ƙwallayen gaɓar ƙugu na zirkoniya da aka ƙera a Faransa, waɗanda ɗaruruwansu suka fashe a jikin marasa lafiyar da aka dasa wa, aka kuma danganta abin da sauyin da aka yi wajen gasa su. Baki kuwa ba ya rabuwa da yawu.

Saboda haka, idan likita ya fere hular domin cizo ya daidaita, a tabbata ya goge wurin har ya yi sheƙi, domin hula mai kaushi takan cinye haƙorin da ke fuskantarta. Kada a kai wa mai gyaran haƙori na kasuwa ya sa mata zarto. A guji fasa ƙashi ko buɗe kwalba da ita. Mai tauna haƙora cikin barci ya faɗa wa likita a yi masa robar kariya, wanda kuma harshensa ya fara jin kaushi a jikin hular ya koma a duba masa.