Kalmomin ƙara tsawo a Turanci ba ma'anarsu ɗaya ba

Ɗalibai da yawa a nan Kano sun taso da tunanin cewa lengthen da extend da prolong da elongate duk abu ɗaya ne, tunda a aji akan fassara musu su da "tsawaita". Wannan fahimta ta daɗe a tsakaninmu, amma ba daidai ba ce.

Wanda ya sayi yadi a Kantin Kwari, tela ya ɗinka masa wando ya ɗage, abin da yake so shi ne lengthen, wato a kwance kalmasa a ƙara tsawon ƙafar. Extend kuwa ta fi faɗi, domin da ita ake ƙara wa'adin biyan kuɗin makaranta ko na biza, kuma da ita ake faɗin ƙarin ɗaki a jikin gida.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne prolong. Wannan kalma, wadda asalinta Latin ne, a yau kusan lokaci kaɗai take shafa, kuma sau da yawa tana ɗauke da ma'anar jan abu fiye da yadda ya kamata, kamar taron da ya ƙi ƙarewa ko jinyar da ta daɗe, ko da yake ana cewa magani ya yi prolong ɗin rayuwar majinyaci. Shi ya sa nakan damu idan na ga ɗalibi ya rubuta wa malaminsa "prolong the deadline", alhali extend ce ta dace da roƙonsa.

Elongate ta siffar abu ce, an fi cin karo da ita a littattafan kimiyya.