Waiwaye: Yadda ɗauke hedikwata ya raba Mayot da 'yan uwanta

Tun bayan guguwar Chido da ta daidaita tsibirin Mayot ranar 14 ga Disamba, 2024, muhawara ta sake zafi: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, kuma tsibirin na Faransa ne ko na Komoros? Masu magana sun fi fara lissafi daga ƙuri'ar raba gardama ta 1974 kan samun 'yanci daga Faransa. Amma kafin a kafa akwatin zaɓen nan, baraka ta riga ta shekara 16.

Tsibirai huɗu ne a tekun da ke tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazidja, Ndzuwani, Mwali da Mayot, wanda mutanensa ke kira Maore. Ukun farko ne ke ƙarƙashin gwamnatin ƙasar Komoros a yau, Mayot kuma na hannun Faransa. Akasarin mazaunansu Musulmi ne, harsunansu dangin juna ne, auratayya kuwa ta daɗe. Tsakanin Ndzuwani da Mayot kilomita 70 ne kacal. Abin da ya bambanta Mayot shi ne gaɓarsa: duwatsun murjani sun kewaye shi, ruwan ciki a kwance yake, jirgi na iya fakewa. Wannan ne ya ja hankalin Faransa, ta karɓi tsibirin daga hannun sarkinsa a 1841. Sauran ukun sai 1886 suka shiga ƙarƙashin kariyarta, a 1912 aka haɗa duka da Madagaska, a 1946 aka ware su yanki guda mai hedikwata a Dzaoudzi, wani ɗan tsauni a gefen Mayot.

A watan Mayun 1958 majalisar yankin ta amince a mayar da hedikwata Moroni, a Ngazidja. Hujjar ba ta banza ba ce. Dzaoudzi wuri ne matsattse, ba filin faɗaɗawa, jama'a kuma sun fi yawa a Ngazidja. Sai dai kujeru da yawan jama'a ake raba su, wakilan Mayot huɗu ne kawai, ko sun ƙi ko sun so ƙuri'arsu ba ta sauya komai. Cikin Nuwamban wannan shekarar manyan Mayot suka taru a Tsoundzou, suka nemi a mai da tsibirinsu cikakken yankin Faransa. Wato buƙatar da aka biya a 2011 an fara furta ta ne tun 1958.

Me ya sa ɗauke ofisoshi ya yi wannan ciwo? Mulkin mallaka bai bar wa tsibirin wata masana'anta ba. Gonakin rake sun daɗe da durƙushewa. Albashin gwamnati shi ne kuɗin da ke zagayawa. Akawu, masinja, mai gadi, direban kwale-kwale, mai sayar musu da abinci, mai ba su haya, duk ofis ɗaya ke riƙe da su. Da aka riƙa kwashe ma'aikatu zuwa Moroni a farkon shekarun 1960 har aka kammala wajen 1966, ma'aikata suka bi aikinsu.

A nan ne al'adar wurin ta shigo. A Mayot gida na mace ne, miji ke tarewa a gidan matarsa. Mace ba za ta ɗauki gidanta da gonarta ta bi miji hayin teku ba. Mazan suka tafi, matan suka zauna da yara da kasuwar da ta mutu. Daga cikinsu ne ƙungiyar da ake kira masu cakulkuli ta fito, Zéna M'Déré na gaba. Idan baƙon gwamnati ya sauka daga Moroni, sai su kewaye shi da cakulkuli har ya rasa inda zai sa kansa, ya koma jirgi. Dabara ce: duka laifi ne a doka, cakulkuli kuwa ba a rubuta masa hukunci ba. Abin bai tsaya a wasa ba. A Oktoban 1969 wata daga cikinsu, Zakia Madi, ta rasa ranta a zanga-zanga a Mamoudzou.

Duk wanda ya san wannan, sakamakon 22 ga Disamba, 1974 ba zai ba shi mamaki ba. A jimilla kusan kashi 95 cikin 100 sun zaɓi 'yanci, a Mayot kusan kashi 63 suka ce a'a. Ba ƙaunar Turawa ce kaɗai ta kai su ba. Tsoron zama ƙaramin ƙane da ba a jin muryarsa ya fi nauyi. Faransa ta ɗauki sakamakon tsibiri-tsibiri, Komoros ta ayyana 'yanci ranar 6 ga Yuli, 1975, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓe ta a matsayin ƙasa mai tsibirai huɗu, Mayot kuma ta sake zaɓar Faransa a 1976.

Har zuwa 1995 mutane na kai da kawo ba takarda. Da Faransa ta sa bizar shiga Mayot, ziyarar dangi da zuwa asibiti suka koma ta ɓarauniyar hanya, cikin ƙananan jiragen kwassa-kwassa da ake lodawa fiye da kima, a tashi da dare. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan mashigi. Yau kusan rabin mazauna Mayot ba 'yan ƙasar Faransa ba ne, yawancinsu 'yan Komoros ne, kuma a ƙididdigar 2018 kashi 77 cikin 100 na jama'ar tsibirin suna ƙasa da ma'aunin talauci na Faransa.