Ƙin jinin Yahudawa: ina kalmar ta fara, ina ya kamata ta tsaya?

Tun daga ranar 7 ga Oktoban 2023, da Hamas ta kai wa Isra'ila hari aka shiga yaƙin Gaza, kalmar antisemitizim ba ta bar bakin 'yan jarida ba. Gidajen rediyonmu suna fassara ta da "ƙin jinin Yahudawa" ko "ƙyamar Yahudawa", kuma fassarar daidai take. Ma'anarta ita ce a tsani mutum, ko a cutar da shi, don kawai shi Bayahude ne. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ja da kalmar nan ta ɓangarori biyu, kowa na son ta rufe masa abin da ba a ɗinka ta don shi ba.

Bari in fara da namu. Sau da yawa idan aka zargi Balarabe ko Musulmi da wannan laifi, sai ka ji wani ya ce ai ba zai yiwu ba, tunda Larabawa ma jikokin Samu ne, yaya mutum zai ƙi jinin kansa? Na sha jin wannan a muhawara, mai faɗin yana ganin ya kashe bakin kowa. Rabin maganar gaskiya ce. Tushen kalmar daga sunan Samu ne, ɗan Annabi Nuhu, ɗan'uwan Hamu da Yafisu. A 1781 wani masani Bajamushe a Gottingen, August Ludwig von Schlözer, ya ari sunan ya laƙaba wa dangin harsunan da suka haɗa Larabci da Ibrananci da Aramiyanci. Harsuna fa, ba jini ba. Daga baya Turawa suka ɗebi sauran harsunan da suke kama da waɗannan a Afirka, har da Hausa, suka jingina su ga Hamu, suka gina wa abin labarin fifikon launin fata. Sai a wajajen 1950 Joseph Greenberg, wanda shi kansa Bayahude ne ɗan Amurka, ya rushe wannan rabon, ya nuna cewa Hausa da 'yan'uwanta na rukunin Cadi reshe ne cikakke na gida ɗaya da Larabci da Ibrananci. Akwai ma wani abu da nake jin daɗinsa a nan: a Ibrananci sunan Samu "Shem" ne, kuma ma'anar shem ita ce suna. Masana harshe suna danganta shem da "ismu" na Larabci da "suna" namu ga saiwa guda, kamar yadda suke haɗa "mutu" da "mautu".

To amma duk wannan zumuncin bai taɓa shiga cikin kalmar da muke magana a kai ba. Wanda ya yaɗa ta ɗan jarida ne a Jamus, Wilhelm Marr, wanda ya kafa ƙungiyar masu wannan aƙida a 1879. Yahudawan Jamus yake nufi, su kaɗai. Ya zaɓi kalmar ne don tsohuwar ƙiyayya ta sami rigar ilimi, ta daina kama da gabar coci. Ƙarshen wannan hanya shi ne kisan Yahudawa kusan miliyan 6 a hannun 'yan Nazi. Saboda haka wanda ya fake da Samu ya kauce wa tambayar ne kawai. Balarabe na iya ƙin jinin Yahudawa, Bahaushe ma na iya.

Ɗaya ɓangaren kuwa shi ya fi ƙarfi, domin yana da gwamnatoci a bayansa. A watan Mayun 2016, a Bukares, babban birnin Romaniya, ƙawancen ƙasashen da ke tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, wato IHRA, ya amince da wata ma'ana ta kalmar tare da misalai 11. Bakwai daga cikinsu sun shafi Isra'ila. Wasu ban da ja a kansu, musamman wanda ya ce laifi ne a ɗora wa dukkan Yahudawa alhakin abin da gwamnatin Isra'ila ta aikata. Amma akwai misalin da ya ce faɗin cewa kafuwar ƙasar Isra'ila aikin wariyar launin fata ne na iya zama ƙin jinin Yahudawa. Ka tsaya ka yi tunanin Bafalasɗinen da kakansa yana cikin mutum fiye da 700,000 da suka rasa gidajensu a 1948, aka kuma hana su komawa. Da wane baki zai ba da labarin gidansu bai taka wannan layin ba? Kenneth Stern, lauyan da ya jagoranci rubuta ma'anar tun farko, ya fito ya ce an yi ta ne don tattara bayanai, kuma ya yi adawa da mayar da ita makamin rufe bakin ɗalibai. A 2021 masana sama da 200, da yawansu Yahudawa, suka fitar da Sanarwar Kudus don raba ƙiyayya da sukar siyasa. Duk da haka a Disambar 2023 majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙuduri, da ƙuri'a 311 a kan 14, cewa adawa da Sahayoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasarsu a Falasɗinu, ita ce ƙin jinin Yahudawa.

Sahayoniyanci kuwa aƙidar siyasa ce mai ranar haihuwa. Nathan Birnbaum ya ƙirƙiri sunan a 1890, Theodor Herzl ya tara taronta na farko a Basel a 1897. Yahudanci ya girme ta da dubban shekaru. Akwai Yahudawan da ba sa tare da ita, kamar waɗanda suka cika tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York a Oktoban 2023 suna neman a tsagaita wuta. Akwai kuma Kiristoci miliyoyi a Amurka da suka rungume ta hannu bibbiyu.

Inda wannan cakuɗewar ta fi yin ɓarna shi ne zaman tare tsakanin addinai a Amurka da Birtaniya, kuma abin na ba ni tausayi don zumuncin na gaske ne. Lokacin da aka kashe mutum 11 a majami'ar Yahudawa ta Pittsburgh a 2018, Musulmi sun tara fiye da dala 200,000 don iyalan mamatan. Da aka kashe masallata 51 a Christchurch ta New Zealand a 2019, Yahudawan Pittsburgh su ma suka tara wa Musulmi gudummawa. Sai dai yawancin waɗannan ƙawance an gina su ne a kan a ci abinci tare, a yi buɗa-baki, a yi hirar Annabi Ibrahim, a bar zancen Falasɗinu a bakin ƙofa tare da takalma. Da Gaza ta kama da wuta, abin da aka ajiye a ƙofa ya shigo ɗaki. Bayahuden ya ji zafin shirun abokinsa a kan mutum kusan 1,200 da aka kashe ranar 7 ga Oktoba, kuma yana da haƙƙin jin zafin. Musulmin kuma ya tarar cewa duk lokacin da ya ambaci yaran Gaza, sai a nemi ya fara wanke kansa daga zargi kafin a saurare shi.

Dubi abin da ya sami Inter Faith Network, ƙungiyar haɗa kan addinai ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1987. A farkon 2024 minista Michael Gove ya janye mata tallafin gwamnati saboda ɗaya daga cikin amintattunta yana da alaƙa da Majalisar Musulmin Birtaniya. Gwamnati ta fara yanke hulɗa da majalisar ne a 2009, kan wata sanarwa game da Gaza da mataimakin sakatarenta ya sa wa hannu a Istanbul. Ƙungiyar da ta shekara 37 tana haɗa limamai da fastoci da malaman Yahudawa da Hindu ta rufe ƙofarta a daidai lokacin da aka fi buƙatarta.

Mu ma a nan gida muna taimaka wa wannan cakuɗewar ba tare da mun lura ba. Idan jirgi ya jefa bam a Rafah da ke Gaza, sai a ce "Yahudawa sun kai hari", ba a ce sojojin Isra'ila ba. Muna kiran mai mugunta "Bayahude" ko da maƙwabcinmu ne da muke sallah sahu ɗaya. Duk wanda ya yi haka ya yarda da hujjar da ake rufe bakin Falasɗinawa da ita, cewa Isra'ila da Yahudawa abu guda ne. Ko tsohuwa Bayahudiya da aka kama a New York tana zanga-zanga don a daina kashe yaran Gaza, ita ma mun haɗa ta cikin zagin.