Ma'anar kalma: mene ne bitamin, kuma me ya sa jinin mazauna Saudiyya ke nuna ƙarancinsa?

A gidajen Hausawa na Makka da Jidda da Madina, da wuya a yi doguwar hira kan lafiya ba a ji wata ta ce, "Na yi tahlil, an ce fitamin dal ɗina ya sauka," wato gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinta ya yi ƙasa. A Kano ko Maraɗi bitamin ake cewa, a nan kuwa harshe ya bi na Larabawa ya koma fitamin, amma abu ɗaya ake nufi. Matsalar ita ce kalmar ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Jan sirof na buɗe ciki, allurar da ake yi wa wanda ya gaji, ƙwayar ƙarin jini, man kifi, har da haɗin nan na sa ƙiba da ake kira sha ka fashe, duk ana ce musu bitamin. Mafi yawansu ba bitamin ba ne, kuma wannan ruɗanin yana jawo asarar kuɗi, wani lokaci har da asarar lafiya.

Bitamin wani sinadari ne da jiki yake buƙatarsa ɗan kaɗan ƙwarai, ba ya iya haɗa shi da kansa yadda zai wadace shi, sai dai ya samu daga abinci, in ban da bitamin D da fata ke haɗawa da hasken rana. Ba ya ƙosarwa, ba ya sa ƙiba, ba ya ba da kuzari kai tsaye kamar shinkafa ko mai. Aikinsa shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa abincin da aka ci, ya gina jini da ƙashi da fata, ya kula da jijiyoyi da gani. Domin a gane ƙanƙantar abin: bitamin B12 da babban mutum ke buƙata a rana maikrogiram 2.4 ne, wato a shekara guda cur bai kai miligiram ɗaya ba. Amma idan wannan ɗan mitsitsin ya ƙare a jiki, mutum na iya kasa tafiya.

Wanda ya ƙirƙiri kalmar wani masanin sinadarai ne ɗan ƙasar Folan, Casimir Funk, a shekarar 1912. Kafin shi an daɗe ana ganin cututtukan rashin bitamin ba tare da sanin dalilinsu ba. A 1747 likitan sojan ruwan Birtaniya James Lind ya raba matuƙa 12 masu ciwon zubar jinin dasashi gida-gida, ya ga waɗanda ya ba lemu su ne suka warke. A tsibirin Jaba na Indonesiya kuma, a shekarun 1890, Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe tas suna shanyewa, idan aka mayar musu da dusar sai su miƙe. Na farkon rashin bitamin C ne, na biyun rashin B1.

Yau an tabbatar da guda 13, kuma rabuwarsu gida biyu ita ce abin da ya fi kamata mai saye a saidaliyya, wato kantin magani, ya riƙe. A, D, E da K suna narkewa a mai, jiki yana ajiye su a hanta da kitse, saboda haka suna iya taruwa su zama guba. Bitamin C da dangin B guda takwas, wato B1, B2, B3, B5, B6, B7, B9 da B12, suna narkewa a ruwa, abin da ya yi rara galibi yana fita ta fitsari. Shi ya sa fitsarin mai shan haɗin B yake yin rawaya shar, B2 ne yake fita, ba wata cuta ba ce. Shi kuwa sinadarin ƙarfe da Larabawa ke kira hadid, da kalsiyam da zinki, ma'adinai ne. Sirof ɗin buɗe ciki yawanci maganin ƙaiƙayi ne mai sa barci da yunwa, sha ka fashe kuma sau da yawa akwai kotizon a cikinsa, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi. Kiran wannan bitamin zalunci ne ga matan da ake sayar wa.

Bitamin D shi ne ya fi damun mu a ƙasar nan, kuma mutane suna mamaki: ina rana ta fi ta Makka? Ai ba ranar da ke sama ake lissafawa ba, wadda ta taɓa fata ake lissafawa. Fata ce take haɗa bitamin D idan wani sashe na hasken rana ya sauka a kanta, daga nan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa, sannan ya iya taimaka wa hanji ya tsotse kalsiyam. Wannan hasken ba ya ratsa gilashin taga ko na mota, ba ya ratsa tufafi. Rayuwar nan kuwa daga ɗaki mai mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, zuwa mota zuwa wurin aiki, kasuwa da ziyara sai bayan isha. Da bazara zafi yana haura digiri 45, har hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, don haka ba wanda za a ga laifinsa don ya guje ta. Sannan baƙar fata tana tare kaso mai yawa na hasken, mai ita yana buƙatar lokaci fiye da farar fata kafin ya haɗa adadi ɗaya. Mai ƙiba kuma kitsensa yana riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini.

Alamomin ba su da kaifi, shi ya sa ake ɗora su a kan sanyi ko gajiyar aiki: ciwon baya da ƙugu, ciwon ƙashin ƙafa, nauyin cinyoyi wajen hawa bene ko miƙewa daga sujada. A yara ƙashi ne yake yin laushi, ƙafa ta lanƙwashe kamar baka ko ta yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, maɗiga ta yi jinkirin rufewa, tafiya ta makara. Jariri mai shan nonon uwa zalla yana cikin haɗari, domin nono, duk da babu abincin da ya kai shi, bitamin D ɗinsa kaɗan ne. Abin da ake ba jariri ɗigo ne na ma'auni 400 (IU ake rubuta wannan ma'aunin a kwalba) a kullum tun daga kwanakin farko. A lura, binciken da aka yi a Jos a 1999 ya nuna cewa lanƙwasar ƙafar yara da yawa a can daga rashin kalsiyam take, don haka yaron da aka yaye ba ya shan madara ko laban, wato nono mai tsami, ɗigon kaɗai ba zai wadatar da shi ba.

Ga yadda ake karanta takardar gwaji. Idan an rubuta ng/mL a gaban lambar, ƙasa da 20 ƙaranci ne, ƙasa da 12 ƙaranci ne mai tsanani. Idan nmol/L aka rubuta, sai a raba lambar da 2.5, wato 50 a wannan ma'auni daidai yake da 20 a wancan. Mutane da yawa suna kwatanta takardunsu ba su duba wannan ba, wani ya tsorata a banza, wani ya saki jiki alhali yana ƙasa. Buƙatar yau da kullum ma'auni 600 ce daga shekara ɗaya zuwa 70, bayan nan 800, kuma bai kamata babba ya wuce 4,000 a rana da kansa ba. Ƙwayar nan mai 50,000 da likita ke rubutawa sau ɗaya ake shanta a MAKO, galibi na mako takwas, daga nan a koma ƙaramin ma'auni, a sake gwaji bayan kamar wata uku. Kuskuren da ya fi kai mutane gadon asibiti shi ne shan ta kullum, ko ci gaba da ita shekara da shekaru saboda an ji daɗin jiki. Kalsiyam sai ya cika jini, mutum ya riƙa ƙishirwa da yawan fitsari, ga amai da taurin bayan gida da ruɗewa, ƙoda ta yi tsakuwa ko ta lalace. A sha ƙwayar tare da abinci mai ɗan maiƙo, ba da ruwan shayi a cikin wofi ba. A watan azumi, bayan buɗa baki. Wanda yake da rufin bene ko tsakar gida a killace, ya fitar da hannuwa da ƙafafu da hantsi na minti 20 zuwa 30 sau uku a mako, ya shige kafin zafi ya taso. A abinci kuwa ana samun bitamin D a sardin da salmon da gwaiduwar ƙwai da madarar da aka rubuta a jikin kwalinta an ƙara mata shi, amma gaskiya abinci kaɗai da wuya ya cike ramin da ya riga ya yi zurfi.

Na biyu a muhimmanci a nan shi ne B12. Daga nama, hanta, kifi, ƙwai da madara kaɗai ake samun sa, ful da tamis, wato wake da gurasa, da shayi ba su da shi, kuma ma'aikacin da ke tattalin kuɗin aikawa gida yakan yi watanni a kansu. Sai dai mafi yawan masu ƙarancin suna cin nama, tsotsewar ce ta samu matsala, domin B12 yana buƙatar tsamin ciki da wani sinadari da tumbi ke fitarwa. Masu ciwon sukari da suka daɗe a kan metformin, masu shan omeprazole shekaru saboda ƙwannafi, tsofaffi, da waɗanda aka yi wa aikin rage tumbi da ake kira takmim, duk ya kamata a riƙa auna musu. Hanta tana ajiye na shekaru, don haka alamar tana zuwa a makare: tafin ƙafa yana tsira kamar ana soka allura, hannu yana mutuwa, harshe ya yi ja sumul, tafiya ta zama ta tangaɗi, mantuwa ta yi yawa. Mai ciwon sukari sai ya ce sukarin ne ya taɓa jijiya, alhali abin da allura za ta gyara ne idan an kama da wuri. Idan an bari ya daɗe, jijiyar ba lallai ta dawo ba. Wanda aka yi wa takmim kuma yake ta amai makonni, B1 ɗinsa na iya ƙarewa cikin sauri, idan ya fara ganin abu biyu-biyu ko ruɗewa, asibiti za a kai shi a ranar.

Folik asid, wato B9, na mata ne tun kafin ciki. Lakar bayan jariri tana rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauka ba. Saboda haka maikrogiram 400 a kullum ake farawa aƙalla wata guda kafin a nemi ciki, a ci gaba har wata uku na farko su wuce. Wadda ta taɓa haihuwar jariri mai buɗaɗɗen baya, ko take da ciwon sukari, ko sikila, ko take shan maganin farfaɗiya, likita yakan ɗaga mata zuwa miligiram 5. Amarya ta fi kowa cancantar a gaya mata wannan, kuma da iyaye mata za su sa shi cikin nasihar kai amarya da an rage wahala mai yawa.

Bitamin A shi ne na ido da fata da garkuwar jiki, rashinsa ke kawo dundumi, yaro ya riƙa laluben hanya da magariba. Manja, karas, kabewa, mangwaro, zogale da alayyahu suna da shi ta sigar da ba ta cutarwa. Na hanta da na ƙwaya shi ne mai taruwa, kuma yawansa yana nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki kada ta mayar da kibda, wato hanta, abincin kullum, kada kuma ta kusanci maganin ƙurajen fuska na Roaccutane, wanda ɗan gidan bitamin A ne. Bitamin K na daskarar da jini ne, shi ya sa ake yi wa jariri allurarsa ranar haihuwa, kada a ƙi. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, ba a hana shi ganye irin su mulukiyya da jarjir ba, ana so ne ya riƙa cin su daidai wa daida kowane mako, domin ganye yana rage ƙarfin maganin. E da B5 da wuya a ga mai ƙarancinsu.

Bitamin C miligiram 90 ne ga namiji, 75 ga mace, lemun zaƙi ɗaya matsakaici ya kusa biya, gwaiba ɗaya ta wuce. Ba ya hana mura, ɗan rage kwanakinta yake yi. Ƙwayar nan mai tafasa a kofi tana da 1,000, kuma wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda, abin da ya yawaita a ƙasa mai zafi irin wannan, bai kamata ya mayar da ita abin shan kullum ba. A kicin aka fi asararsa: kanwa a miya tana kashe C da B1, haka dogon dahuwa da ɗumame, haka zubar da ruwan da aka tafasa ganye. A sa ganye a ƙarshen girki, a matsa lemun tsami bayan an sauke, wanda kuma yake taimaka wa jiki ya tsotse hadid ɗin wake. Shinkafar mazza, da yake an turara ta da ɓawonta kafin a surfe, ta fi farar shinkafa riƙe B1.

Ko masu narkewa a ruwan ma ba duka ne ake sha yadda aka ga dama ba. B6 fiye da miligiram 100 a rana na tsawon watanni yana lalata jijiyoyin da ake shan sa dominsu, kuma yana cikin haɗe-haɗen ƙarfafa jijiya da yawa, mutum na iya shan kwalba biyu masu ɗauke da shi bai sani ba. Bayotin, wato B7, da ake sha don gashi da farce, yana rikita sakamakon gwajin maƙoƙo da na bugun zuciya, sai a gaya wa likita, a kuma dakatar da shi kwana biyu zuwa uku kafin a ɗebi jini.

Kafin a biya kuɗin kowace kwalba a juya bayanta a karanta adadin da ke cikin ƙwaya ɗaya, a haɗa shi da na sauran da ake sha a gida, a duba ranar lalacewa. Wanda ke shakkar ɓawon kafso ya nemi mai tambarin halal ko ya karɓi ɗigo. Abin da aka kawo tsaraba a leda ba suna ba lamba, ko aka saya ta WhatsApp, ba ya ƙarƙashin sa idon Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, a bar shi. Kwalba ba ta kwana a mota, zafin aljihun mota yana lalata ta. Masu kama da alewa da ake saya wa yara a ɗora su inda hannu ba ya kaiwa, idan kuma yaro ya shanye da yawa, musamman masu hadid a ciki, a kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya, nan take a nufi asibiti da kwalbar a hannu, ko da yaron yana wasansa.