Tasirin nauyi da motsi kan warkewar jijiyar kafaɗa bayan ɗinki: gwaji a kan dabbobi

Kan ƙashin dantse yana zaune cikin kwarmin kafaɗa ne da taimakon tsokoki huɗu da jijiyoyinsu, waɗanda likitocin ƙashi ke kira roteta-kaf. Wadda ta fi yawan yagewa ita ce ta sama, suprasfinatus. Idan aka ɗinke ta aka mayar jikin ƙashi, ba kullum take kamawa ba. A 2004 Leesa Galatz da abokan aikinta sun duba mutum 18 da aka ɗinke wa babbar yaga, suka tarar ta sake buɗewa a 17. Wannan na cikin abin da ya sa masu bincike suka duƙufa kan dabbobi, domin gano yawan jan da ɗinki ke buƙata da wanda ke lalata shi.

Mahaɗar jijiya da ƙashi hawa huɗu ce: jijiya, guringuntsi mai laushi, guringuntsi mai tauri, sannan ƙashi. Wannan jeri ne ke rarraba nauyi a hankali. Bayan tiyata ba ya dawowa. Tabo ne ke cike gurbin, zaruruwan kolajin ɗinsa, wato sinadarin da ake gina jijiya da shi, a hargitse, ƙashin da ke ƙasansa kuma yana zaizayewa a makonnin farko.

Ɓera aka fi amfani da shi tun 1996, lokacin da Louis Soslowsky ya kwatanta kafaɗar dabbobi iri 33 ya ga ta ɓera ce ta fi kama da ta mutum, domin jijiyarsa tana ratsawa ta ƙarƙashin wani baka na ƙashi. Ana yanke jijiyar daga ƙashi, a kankare guringuntsin da ya rage, a huda ƙashin, a zura zare a ɗaure. Daga nan a raba ɓerayen: wasu a naɗe kafaɗarsu da filasta, wasu a sake su cikin keji, wasu a ɗora su kan injin gudu. Bayan makonni a ciro mahaɗar, a duba ta da madubin likita, a kuma ja ta da inji har ta tsinke.

Sakamakon da Stavros Thomopoulos ya wallafa a 2003 ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Ɓerayen da aka hana motsi sun fi masu gudu tsarin kolajin da ingancin nama. Gudu ya ƙara kaurin tabo, sai dai kauri daban, ƙwari daban: naman ya yi yawa amma ba shi da nagarta. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne ja yana girgiza bakin ɗinkin kafin ƙwayoyin halitta su shimfiɗa zaren kolajin mai tsari. Ko lanƙwasa kafaɗar da hannu ba tare da tsoka ta yi aiki ba bai taimaka ba. A aikin Cathryn Peltz na 2009 sai ma ya rage yadda gaɓar ke juyawa.

Amma cire nauyin gaba ɗaya ma illa ne. A 2009 Galatz ta yi wa tsokar kafaɗar ɓeraye allurar Botox ta shanye, sannan ta sa filasta. Mahaɗar ta fito siririya, ta kuma tsinke da wuri. Ke nan ɗan jan da tsoka ke yi ko tana cikin filasta shi ne ke zaburar da ƙwayoyin su yi gini.

Akwai kuma jan da ke kan zaren tun ranar tiyata. Idan yaga ta daɗe, tsoka tana janyewa, kitse ya shige ta, ta yi tauri, dole a ja ta da ƙarfi kafin ta kai ƙashi. Gwajin ɓera ya nuna wannan jan yana ƙaruwa da jinkiri, kuma yana raunana warkewa.

Tunkiya, wadda Christian Gerber ya yi aiki da ita a Zurik, girman jijiyarta ya dace da gwada zare da ƙusoshin tiyata. Matsalarta ita ce tana farfaɗowa take miƙewa ta taka ƙafar, ɗinkin ya ɓalle, tabo ya cike giɓin har ya yi kama da warkewa. Shi ma ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, kuma ɗinkinsa bai cika sake yagewa ba kamar na dattijon mutum, don haka ba a ɗaukar makonninsa a mayar da su kai tsaye jadawalin gashin ƙashi na marasa lafiya.