Tsohuwar mota ta ƙi tashi: batir ne, kik ne, ko wuta ce babu?

Duk mai tsohuwar mota ya san wannan tashin hankalin, ka fito da sassafe yara sun shige baya da jakunkunan makaranta, ka murɗa makulli ta ce ba ta san zancen ba. Na daɗe ina riƙe da Fijo 504 irin haɗin Kaduna kafin na koma Golf 3, kuma abin da ke ci min rai shi ne yadda mutane ke zubar da kuɗi suna sayen kaya a kan canke, alhali in ka kasa kunne motar da kanta za ta gaya maka inda ke mata ciwo. Ga tambayoyin masu mota a kan haka, kowace da amsata a ƙarƙashinta.

Na murɗa makulli sai na ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, injin bai juya ba. Batir ne ya mutu?

Yawanci wuta ce ba ta isa ba, amma dan Allah kar ka ruga sayen sabon batir tukuna. Buɗe bonet ka duba kan batir ɗin, in ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a wurin, ko ka kama wayar da hannu ka ji tana motsi, toh ga ɓarawonka nan. Kwance ta, ka fara da ta nagetif, ka wanke da ruwan zafi ka goge da sanfefa ka ɗaure tamau. Ka bi baƙar wayar nan ta nagetif har inda aka ɗaure ta a jikin mota ko injin, don tsatsa a wurin ma tana hana tashi. In kana da mitar auna wuta, lafiyayyen batir da ya kwana yana nuna kusan volt 12.6, in ya sauko wajen 12.0 ya yi sanyi sosai, in kuma ana kik ya faɗi ƙasa da 9.6 toh ya gaji. Bayan ta tashi ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, in ba haka ba altaneta ce ba ta caji, kuma ko sabon batir ka sa kwana kaɗan zai kwanta.

Ni kuma ƙas ɗaya nake ji, fitilu da hon duk lafiya lau.

Nan kam hankalina ya fi tafiya kan kik, ko burushinsa ya cinye ko solonoyid, wato makunnin da ke jikinsa mai ba shi wuta. Ka sa wani ya murɗa makulli ya riƙe a kan kik kai kuma ka ɗan ƙwanƙwasa jikin kik ɗin da sifana, in ta tashi ka gane shi ne, sai ka wuce wajen mai wayarin ranar, kar ka mayar da duka sana'a. In atomatik ce kuma ba ƙarar komai, gwada tada ta a N maimakon P.

Tana juyawa garau amma ta ƙi kamawa, me zan fara dubawa?

Toh nan ne aikin yake. Tunda tana juyawa ka bar batir da kik su huta, saura abu biyu, wutar filogi ko mai. Cire wayar filogi ɗaya, ka ciro filogin ka sa shi a bakin wayar, ka kwantar da shi a jikin ƙarfen injin, wani ya yi kik kana kallo. Kar ka riƙe da hannu wallahi jan ba na wasa ba ne, kuma ka tabbata ba fetur a zube kusa. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas ita ake so, ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya matsalar ɓangaren wuta ce.

In wuta lafiya sai ka koma kan mai. Mota mai injekta in ka buɗe makulli ba ka yi kik ba za ka ji famfon mai ya yi zuuu na kamar sakan biyu daga wajen tanki, in shiru ne ka duba fiyus da rile kafin ka ce a sauke tanki. Mai kafireto kuwa cire murfin iska ka ja totur da hannu ka leƙa, ya kamata ka ga mai ya tsarto. Sannan ka kalli filogin da ka ciro, in a jiƙe yake yana warin fetur mai ne ya yi mata yawa, sai ka take totur har ƙasa ka riƙe ka yi kik, banda famfatawa. Ka kuma tuna inda ka sha mai jiya, don na bumburutu wani lokacin da ruwa a ciki.

Na gwada, babu wuta a filogi. Koyil zan saya?

A'a tsaya. Ni kaina na taɓa sayen koyil a banza a kan 504, ashe kontak ne ya ƙone, wato ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa don koyil ya ba da wuta. Da aka buɗe distiributa, mai rarraba wuta ga filogi, sai ga bakin kontak ɗin ya yi baƙi ya rarake, aka ɗan goge aka saita tazarar ta koma kusan milimita 0.4, kik ɗaya ta tashi. In kontak yana yawan ƙonewa a canza shi tare da kwandensa. Ka juya murfin distiributa ka duba cikinsa da kyau, tsagewa siririya kamar gashi ko raɓa ta isa ta kwashe wutar, shi ya sa da damina ko bayan an wanke injin wasu motocin ke ƙin tashi sai an goge da busasshen tsumma. Ka duba rota da ɗan gawayin da ke tsakiyar murfin. Kuma in za ka cire wayoyin filogi ka cire ɗaya-ɗaya, galibin masu silinda huɗu jerin wutarsu 1-3-4-2 ne, in suka cakuɗe sai ka ji tana harbi ta salansa.

Da safe tana tashi, amma in ta yi zafi na tsaya sai ta ƙi sai ta huce.

Wannan halin koyil ne da ya fara mutuwa, ko sensan kiransha mai lura da juyawar injin a motocin da ke da shi, a masu kafireto kuma wani lokacin mai ne ke tafasa a cikin bututu. Gwajin wutar nan a lokacin da ta ƙi tashin za ka yi shi, in ka bari ta huce ka kai wa bakanike ba abin da zai gani.

Turawa tana ɓata mota?

In mai giyar hannu ce kuma batir ko kik ne matsalar ba laifi don ka fita daga hanya, buɗe makulli, sa giya ta biyu, in ta ɗau gudu ka saki kuloci. Atomatik kam kar ma ka wahalar da jama'a, sai dai a haɗa mata waya da wani batirin. Kik kuma kar ya wuce sakan 10 a jere, ka ba shi kamar rabin minti ya sha iska kafin ka sake.