Kukan mai jego da ya wuce mako biyu

Kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa, mata da yawa kan yi kuka ba dalili, su riƙa saurin fushi, barci ya ƙi zuwa. Sinadaran da ciki ya ɗaga ne ke sauka farat ɗaya bayan fitar mabiyiya, ga kuma gajiyar naƙuda. Wannan kan wuce da kansa kafin mako biyu. Barci take buƙata, da abinci, da mai karɓar mata jariri. 'Yan barka ma su rage dogon zama.

Idan an yi suna, an ƙara mako guda, amma har yanzu ba ta cin abinci, ba ta son magana, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi wannan damuwar. Doguwar naƙuda ko tiyata, rasa jariri a baya, rikicin miji ko kishiya, da gorin haihuwar mace duk suna ƙara haɗarin.

A gidajenmu kunyar ɗan fari kan rufe ciwon. Mai kunya tana kau da kai gaban surukai, amma in ɗaki ya rage daga ita sai ɗanta za a ji tana masa wasa. Mai ciwo kuwa ko ita kaɗai ce ba ta kallonsa, yana kuka tana zaune kamar ba ta ji. Wadda ke yi mata wankan jego ta fi kowa damar lura da wannan, don haka ita ya kamata maigida ya tambaya.

Shaƙuwar uwa da jariri tana farawa ne daga awar farko: a ɗora jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su, ya sha dakashi, kada a matse a zubar. Bayan nan a ba shi nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Idonsa ya fi kama abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30, wato daidai fuskar uwa lokacin shayarwa, saboda haka ta dube shi ta yi masa magana.

Akwai nau'in ciwon da ba ya jira. In mai jego ta daina barci kwata-kwata, tana surutai, tana jin muryoyi, ko tana batun kashe kanta ko cutar da jariri, kada a bar ta ita kaɗai da shi. Sau da yawa akan ce aljanu ne, a ɓata makonni. A yi addu'a, amma a ranar a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko asibitin koyarwa na Barau Dikko, duka a Kaduna. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha ba tare da an yaye jariri ba.

Ga wadda abin bai kai haka ba, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya a asibitin unguwa, ko da ranar rigakafin mako shida ne.